Dambun tuffa

A shekarata ta farko a jihar Minisota ta Amurka, da yammacin wata Asabar cikin watan Oktoba, wata tsohuwar Baturiya da muke katanga ɗaya ta ƙwanƙwasa mana ƙofa riƙe da kwanon tangaran a nannaɗe cikin tawul. Ta ce in karɓa da hannu biyu, da zafi. Na yi mata tambayar da zaman ƙasar nan ya koya mini, ko akwai alade ko giya a ciki. Ta yi dariya ta ce babu komai sai tuffa da fulawa da bota da sukari, kuma sunansa apple crisp. Da ta tafi na yaye tawul ɗin, ƙamshin kirfa ya cika falon. Saman ya gasu ya yi ja gwanin sha'awa. Amma ina sa cokali na tarar da tuffa a ƙarƙashi ta dahu ta yi luguf, sai raina ya ƙi. Na rufe na ture gefe. Baban yara ne ya cinye shi shi kaɗai cikin kwana biyu, yana ci yana cewa ban san abin da nake bari ya wuce ni ba.

Ni 'yar Zariya ce, kuma a gidanmu ba a ɗora 'ya'yan itace a wuta. Mangwaro, gwaba, lemu, kankana, gwanda, duk yadda Allah ya yi su ake shan su. Tsamiya a jiƙa ta, dabino a markaɗa shi cikin kunun aya, shi ke nan. Ita kuwa tuffa matsayinta daban ne. Sai dai mu gan ta jere a kwali wajen masu kayan marmari, kowace da ɗan tambari manne a jikinta, an yi mata doguwar tafiya daga Afirka ta Kudu ko wata ƙasar. Ana sayenta ne in za a je dubiya asibiti, ko in Baba ya dawo daga Kaduna da 'yan kuɗi a aljihu. Guda ɗaya Hajiya za ta yanka gida takwas ta raba mana, kowa ya riƙa gatsar tasa kaɗan-kaɗan don kada ta ƙare da wuri. Wanda ya tashi a haka, ka ce masa ya fere tuffa shida ya zuba a wuta, ai sai ya ɗauka wasa kake.

Kwanon dai ban mayar da shi wayam ba, don ba haka aka koya mana ba. Na cika shi da cincin na kai mata. Daga nan muka saba.

Shekara na zagayowa ta ce sai ta kai mu gonar tuffa. Tafiyar kamar minti 40 ce a mota daga inda muke. Hanya duk itatuwa sun rine, wasu ja, wasu ruwan ɗorawa, ganye na zuba kamar ana kakkaɓe shi. Su wannan lokaci suna danganta shi da zubar ganye ne, mu kuma kalmar da muke da ita ita ce kaka, kuma ni a ganina tamu ta fi dacewa, domin abin da ake yi ke nan: girbi. A gida a irin wannan lokaci ruwa ya ɗauke, ana gasa tumu, ana dafa sabuwar gyaɗa, rake ya fara shigowa, da asuba kana jin alamar hunturu a fatarka. A nan ma haka ne, sai dai kabewa ce tsibi-tsibi a bakin hanya, da masara, da tuffa. Bambancin shi ne hunturun da ke biye da kakarsu ba na wasa ba ne.

A bakin gonar za ka biya kuɗin jaka, a ɗora ku a bayan tarakta a kai ku layin itatuwan da suka nuna, ka tsinka da hannunka. Wani saurayi ya nuna mana yadda ake yi: ba a fizga, tallabo ta za ka yi ka murɗa ta sama, in ta nuna da kanta za ta rabu da reshe. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙasa. Ƙarƙashin kowace bishiya tuffa ce zube tana ruɓewa, rina na yawo a kai, yara suna takawa suna wucewa. Na tsaya ina kallo, ina tuna Hajiya da wuƙarta da kashi takwas ɗinta. Na fara tsintar masu kyau-kyau daga ƙasa ina sawa a jaka, maƙwabciyata ta riƙe hannuna ta ce a bar na ƙasa, na sama ma ba za mu iya da su ba. Gaskiyarta. Mun dawo gida da kusan kilo 10. Sati biyu yara suna tafiya makaranta da tuffa, suna dawowa da ita a jaka da gatsa ɗaya a jiki. Da na ga wasu sun fara yamushewa a gareji, na aje girman kai na ƙwanƙwasa mata ƙofa na ce ta koya mini abin nan da ta taɓa kawo mana.

Kafin in je wajenta, a gaskiya na riga na gwada ni kaɗai sau ɗaya, a ɓoye, tun kafin zuwa gona. Na sayi jajayen nan masu sheƙi da ake kira Red Delicious saboda sun fi araha kuma sun fi kama da tuffar da na sani a hoto. Na haɗa fulawa da bota da sukari, hannuna kuma ya saba da kwaɓin cincin, sai na murje shi sosai har ya zama dunƙule guda, na shimfiɗa a kai kamar bargo. Abin da ya fito daga obin: sama faranti mai tauri, ƙasa kunu mai zaƙi salam babu armashi. Ruwan kuma ya tafaso ya zuba a ƙasan obin ya ƙone, na'urar hayaƙin gidan ta ɗauki kururuwa, ina tsaye kan kujera ina yi mata fifita da ɗankwali. Ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Darasin farko da ta ba ni a kan tuffar ne kanta. Ta yanko mini ɓari ɗaya ta ce in ɗanɗana. Tsami ya sa na runtse ido. Ta ce to wannan ita ce ta gashi. Sunanta Haralson, kuma 'yar jihar ce, Jami'ar Minisota ta fitar da irin a 1922. Tuffa mai tsami da ƙarfin jiki ba ta narkewa a wuta, tana yin laushi amma yankanta na nan, sannan tsamin shi ke tare zaƙin sukarin da ke sama kada ya gundure ka. Mai zaƙi zalla in ta sha wuta ba ta da abin da za ta nuna.

Daga baya na gane cewa mutanen jihar nan suna ji da tuffarsu kamar yadda mutanen Maƙarfi ke ji da rake. Dalili kuwa da wahala suka same ta. Sanyin nan a wasu shekarun yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, kuma itatuwan da Turawan farko suka zo da su daga gabashin Amurka mutuwa suka riƙa yi. Wani manomi, Peter Gideon, ya shafe shekaru yana shuka yana asara a bakin Tafkin Minnetonka kafin a 1868 ya samu irin da ya jure, ya sa masa sunan matarsa, Wealthy. Jami'ar ta ɗora daga nan. Ita ce ta fitar da Honeycrisp a 1991, wadda yanzu ake sayarwa ko'ina da tsada, kuma a 2006 aka ayyana ta a matsayin 'ya'yan itacen jiha, bayan 'yan wata makarantar firamare sun kai buƙatar gaban majalisa. 'Yata ce ta zo mini da wannan labarin daga aji, tana faɗa da alfahari kamar da ita aka je. Wani abin da ya ba ni mamaki: in ka shuka ƙwallon Honeycrisp ba Honeycrisp za ka samu ba, wata tuffar daban za ta fito, galibi marar daɗi. Dole sai an yanko reshe an aura shi a jikin wata bishiyar. Da aka yi mini wannan bayani a gona na ce ai mun san wannan, mangwaro ɗan aure ke nan.

Yanzu ni haɗawa nake yi, Haralson huɗu, Honeycrisp biyu. In babu Haralson, koriyar nan mai tsami, Granny Smith, tana yi sarai, kuma ita kusan ko'ina a duniya ana samunta.

Darasi na biyu a hannu yake. Ta fito da bota daga firji da sanyinta, ta yayyanka ƙanana ta watsa cikin garin. Na miƙa hannu zan fara murza da tafi, ta buge mini yatsu kamar yadda Hajiya za ta yi. Da kan yatsu kawai, in ji ta, ki ɗago ki murtsuke ki saki, kada zafin hannunki ya narkar da botar. Ina kallon abin yana komawa tsaki-tsaki, wani kamar ƙwayar gero wani kamar wake, sai na ce a raina, wannan ai dambu ne. Yadda ake yayyafa wa tsaki mai a murza shi ya yi wara-wara kafin a mayar madambaci, haka ɗin ne. Tun daga ranar hannuna ya gane aikin, kuma tun daga ranar sunansa a gidanmu dambun tuffa. Hikimar ita ce waɗannan 'yan dunƙulen botar sai sun shiga wuta suke narkewa, su soya garin da ke kewaye da su, shi ya sa saman ke yin ƙamas-ƙamas maimakon ya zama burodi.

Ga yadda nake yi yanzu, a kwanon gashi mai faɗin kamar taƙi ɗaya ta kowane gefe. Tuffa shida matsakaita, kimanin kilo 1, in fere, in cire ƙwallon, in yanka da kaurin ɗan ƙaramin yatsa. In suka yi siriri za su narke, in suka yi kauri sama zai ƙone ciki bai dahu ba. Ina yankawa ina matsa musu rabin lemun tsami, domin tuffa da ta sha iska take fara yin duhu. Sai sukari babban cokali 2, kirfa ƙaramin cokali 1, fulawa babban cokali 1 don ta kama ruwan ya yi kauri, da ɗan gishiri a bakin yatsa. In juya a cikin kwanon gashin kansa, ba na ɓata wani kwano. Za ki ga sun yi tozo kamar sun yi yawa, ki bar su, wuta za ta kwantar da su.

Na saman kuma: fulawa kashi uku cikin huɗu na kofi, ot shi ma haka, wato hatsin nan da muka fi sani da sunan Quaker Oats, amma mai faɗin ƙwaya, ba mai laushin da ke dahuwa cikin minti ɗaya ba. Jan sukari rabin kofi, gishiri rabin ƙaramin cokali, ɗan kirfa, da bota giram 113, wato sanda ɗaya a yadda ake sayar da ita a nan. In murtsuke, in barbaɗa a kan tuffar ba tare da na danna ba. Obin ya riga ya yi zafi a 350 a ma'aunin Amurka, kusan 180 ke nan a namu. Minti 40 zuwa 45. Agogo ba shi ne alƙali ba: sai kin ga ruwan yana tafasa yana ɓulɓulowa ta gefe da kauri kamar zuma, saman kuma ya yi launin ƙuli-ƙuli. Ki sa faranti a ƙarƙashin kwanon, kada ki hau kujera da ɗankwali irina. In ya fito a bar shi ya huce minti 15 ko 20. Wannan jiran shi ne mafi wuya, amma in kika ɗiba da zafinsa ruwa ne zai malale a faranti, harshe kuma ya tafi.

Su da askirim mai banila suke ci, zafi da sanyi a cokali ɗaya. Yara haka suke so. Ni na fi son shi da kindirmo marar sukari, ko abin da ya fi kusa da shi a shagunan nan, kuma na fi son shi washegari da safe da shayi. Game da banila, ga wadda ke Amurka: ruwan banila na asali da ake sayarwa a 'yar kwalba da sunan vanilla extract, doka ta ce sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin 100 na sinadarin barasa. Girke-girke da yawa suna cewa a ɗiga a cikin tuffar. Ni ba na sawa, kuma ban taɓa jin ya rasa komai ba.

Turawan Ingila suna da irinsa, nasu galibi babu ot, kuma ya yaɗu ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da ake rabon bota da sukari da awo, ba su isa a yi wadataccen kwaɓi ba. Ban yi mamaki ba. Abinci ne na wadda ba ta da lokaci ko ba ta da kaya da yawa, shi ya sa ya karɓe ni.

A shekara ta huɗu Hajiya ta zo mini zaman jego, ta sauka ana tsakiyar kaka. Cikin tsarabarta har da mazarƙwaila, faifai uku a ƙulle cikin leda. Wata rana da na ɗan samu ƙarfi na shiga kicin, tana zaune da jariri a cinya tana kallona ina fere tuffa. Ta ƙirga da ido.

"Ke, wa za a kai wa duk wannan?"

"Gasawa zan yi, Hajiya."

"Gasawa? Tuffar? Shida?" Ta gyara wa yaron kwanciya. "Lallai kun ƙoshi a ƙasar nan."

Ban ce komai ba, don na san abin da take gani. Da na zo ɗauko jan sukari ta ce in miƙo mata ta gani. Ta shinshina, ta lasa, ta taɓe baki. Ta ce wannan farin sukari ne aka shafa wa launi. Ba ta yi kuskure ba, yawancinsa haka ake yin sa, a tace sukari ya yi fari sannan a mayar masa da ɗan baƙin ruwan raken da aka cire. Ta ce in ɗauko mazarƙwailarta in goga. Na goga a magogi, ta ɗan fi damshi, sai na ƙara fulawa cokali ɗaya. Ta ce kirfa ita kaɗai ba ta isa ƙamshi ba, in daka citta da kanumfari uku in zuba. Wadda ta ce an yi almubazzaranci, ga ta tana ba da umarni daga kan kujera.

Abin da ya fito ranar ya fi duk wanda na taɓa yi. Saman ya fi duhu, da wani ɗan ƙauri mai daɗi irin na alewar da ake dafawa a gida, cittar kuma tana ɗan yi maka yaji a maƙogwaro bayan ka haɗiye. Na zuba mata kaɗan a ƙaramin kwano. Ta ci cokali ɗaya ta yi shiru, ta ci na biyu.

"Ƙasan dai sai a hankali," in ji ta. "Amma wannan ƙanzon na sama, ƙaro mini."

Har ta koma gida haka take ci, ta kwashe saman ta bar wa Baban yara tuffar. Na kai wa maƙwabciyata ta ɗanɗana, ta tambaye ni wane irin sukari ne wannan, na rasa yadda zan fassara mata, sai na gutsura mata mazarƙwailar ta tafi da ita.

Ba duk gyaran da muka yi ne ya yi kyau ba. Gyaɗa soyayya da aka ɗan daka, a zuba a cikin garin saman, ta yi daɗi ƙwarai, har ta fi 'ya'yan itatuwa masu kama da gyaɗa da su suke sawa. Sai dai in za a kai wa baƙi ko makaranta ba na sawa, don yara da yawa a nan jikinsu ba ya ɗaukar gyaɗa, abin yakan kai ga asibiti. Man shanu kuwa, na ce ai shi ne botar asali, na daskarar da wanda Hajiya ta kawo na yi amfani da shi. Na manta da albasa ake soya shi. Ranar ko Baban yara, da bai taɓa mayar da kwano da saura ba, cokali biyu ya yi ya ce ya tuna yana da aiki.

Da Hajiya ta koma ta ba ƙanwata labari, ita kuma ta matsa sai na turo mata yadda ake yi. Ba ta da obin, da tukunya da yashi take gasa kek a kan gawayi kamar yadda muka tashi muna gani. Tuffa huɗu ta saya, koraye, ta ce ko su sai da ta yi ta jan ciniki. Gwajin farko ƙasan ya dahu saman ya tsaya fari fat, don wutar daga ƙasa kawai take zuwa. Na ce ta kwashi garwashi ta ɗora a kan murfin a minti 15 na ƙarshe. Ta turo mini hoto a WhatsApp, ya yi ja har da ɗan baƙi-baƙi a gefe. Bayan hoton sai ga saƙon murya, Hajiya ce ta karɓe wayar. Bayan gaisuwa da tambayar jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta ce tana so in sani na Zariya ya fi na Amurka, don wutar lantarki ba ta ba abinci ƙamshi.

Ban yarda ba, amma maganar ta zauna mini. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta dawo kafin ƙarfe biyar, daga nan kuma dusar ƙanƙara ko yaushe. Akwai sauran Haralson goma sha ɗaya a gareji, da rabin faifan mazarƙwaila a firiza, da rabin buhun gawayin da ya rage daga gashin naman Babbar Sallah. Jiya na sayo tukunyar ƙarfe mai murfi shafaffe wanda zai riƙe garwashi. Yashi ne ban samu ba tukuna, na ce wa Baban yara ya tsaya shagon kayan gini a hanyarsa ta dawowa, ya tambaye ni gini za mu fara ne.